Shirin Kakannin Riƙo a Amurka

Shirin Kakannin Riƙo, wanda sunansa na asali shi ne Foster Grandparent Program, tsari ne na gwamnatin tarayyar Amurka da ke haɗa dattawa masu ƙaramin ƙarfi da yaran da ke buƙatar kulawa ta musamman. An kafa shi a 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, a cikin shirye-shiryen yaƙi da talauci da Sargent Shriver ya jagoranta.

Tun asali tsofaffin aka so a taimaka wa. Da yawansu na zaune su kaɗai, nesa da 'ya'ya da jikoki, kuɗin fansho kuma ba ya kai su ƙarshen wata. Sai aka riƙa ba su ɗan alawus, ana tura su asibitoci da gidajen marayu da cibiyoyin yara masu naƙasa. Aikin ba na likita ba ne, ba kuma na malami ba. Tsohuwa za ta ɗauki jariri ta rarrashe shi, ta ba shi abinci a baki, gobe ma ita ɗin zai gani. Ma'aikatan da yara suka yi wa yawa ba su da wannan sukunin.

Yau yawancin kakannin a makarantun firamare da na rainon yara irin su Head Start suke. Kaka kan ja kujera kusa da yaron da karatu ke ba wuya, su bi shafi ɗaya da yatsa har ya zauna masa. Da farko sai mai shekara 60 ake ɗauka, dokar 2009 ta sauko da shi zuwa 55. Alawus ɗin bai taka kara ya karya ba: an daɗe ana biyan dala 2.65 a awa, ya kai dala 4 a 2023, ba a cire masa haraji. Nancy Reagan, matar tsohon Shugaba Ronald Reagan, ta yi ta tallata shirin tun mijinta na gwamnan jihar Kalifoniya, yanzu kuma AmeriCorps, hukumar tarayya mai kula da aikin sa-kai, ce ke riƙe da shi.

Shirin ya zo ne a lokacin da ake yi wa tsufa kallon lalura, wato tsoho mai karɓa ne kawai. Wannan kallon kuwa yana da illa har ga lafiya. Binciken Becca Levy ta Jami'ar Yale, wanda aka buga a 2002 kan mutum 660 a jihar Ohayo, ya nuna waɗanda ke ɗaukar tsufansu da kyakkyawan zato sun fi sauran tsawon rai da kusan shekara 7.5. A birnin Baltimo ma, masana daga Jami'ar Johns Hopkins sun bibiyi dattawan wani shiri makamancin wannan, Experience Corps, suka ga ƙwaƙwalwarsu ta ƙara kaifi wajen tsara aiki da tattara hankali. Auna ko shirin na canza ra'ayin yaran game da tsufa ya fi wuya, domin ɗan shekara biyar yana iya son "kakarsa" ta aji ba tare da ya canza yadda yake ganin sauran tsofaffi ba.