Waiwaye: Yadda kyautar amarya ta zama bashi a wuyan iyaye a Indiya

A gidajen Indiya da yawa, tun yarinya tana goye uwa ke fara tara mata zinare, yau ɗan kunne, baɗi awarwaro. Ta san ranar aure gidan ango ne zai karɓa, su ne za su bayar.

Asali dukiyar ta amarya ce. Shari'ar Hindu ta dā ta kira ta stridhan, wato sarƙa, tufafi da kayan ado da iyaye ke ba 'yarsu, tunda gona da gida maza ke gada. Kusan kamar kayan ɗaki a wajenmu. Sannu a hankali ta suɓuce daga hannun amarya ta koma na surukai, ta zama dahej, wato kuɗi da kayan da iyayen amarya ke ba gidan ango. A ƙarni na 20, saurayi mai digiri ko aikin gwamnati ya yi tsada, iyayensa suka fara zayyano abin da suke so: babur, firji, mota, tsabar kuɗi. Al'adar ta shiga har gidajen Musulmi da Kirista.

Majalisa ta haramta dahej a 1961, amma dokar ta kwanta a takarda. A ƙarshen shekarun 1970 matan Delhi suka fito zanga-zanga, domin amare na ta ƙonewa a kicin, surukai kuma su ce risho ne ya fashe. Abin takaici, sau da yawa 'yan sanda haka suke rubutawa su rufe fayil. Matsin lambar nan ya sa a 1983 aka mayar da azabtar da matar aure laifi, a 1986 kuma aka ce idan mace ta yi mutuwar zargi cikin shekara bakwai da aure, bayan an takura mata kan dahej, miji da danginsa ne za su wanke kansu. Duk da haka alƙaluman gwamnati na nuna mata fiye da 6,000 na mutuwa haka kowace shekara.

Tsoron wannan nauyi na cikin abin da ya sa ake zubar da cikin 'ya mace, har aka hana likitoci faɗin jinsin ɗan tayi a 1994.

A ganina tushen matsalar gado ne. Sai a 2005 'ya mace Hindu ta samu kaso daidai da namiji a dukiyar gida, kuma har yau da yawa suna sa hannu su bar wa 'yan'uwansu maza, gudun kada zumunci ya yanke.