Mai Ciwon Dajin Hanji Ya Fara Ɗingishi? A Duba Da Wuri

Akwai wata irin kwanciya da muke lura da ita a ɗakin majinyata. Mutum ya kwanta rigingine, ƙafa ɗaya a miƙe, ɗayar a lanƙwashe, gwiwa na kallon sama. Ka kama za ka miƙar masa, sai ya riƙe hannunka ya ce, "Don Allah bari." In mai ciwon dajin hanji ne, ga kuma zazzaɓi, hankalinmu kan tafi kan tsokar da likitoci ke kira sowas.

Doguwar tsoka ce a can cikin jiki, dama da hagu. Daga ƙashin baya take farawa, daidai ƙugu, ta ratsa kwankwaso ta manne a saman ƙashin cinya. Ita ke ɗaga maka cinya in za ka hau matakala. Matsalar maƙwabtaka ce: babban hanji yana kwance dab da ita. In ƙarin daji ya ci bangon hanjin ta baya har ya huda shi, ƙwayoyin cutar cikin hanji sai su tsiyaya su isa tsokar, mugunya ta taru. Ba maruru ba ne da ido zai gani. Sai dai ciwon baya ko na kwiɓi, ɗingishi, rama da rashin cin abinci, wani lokaci kumburi a matsematsi in mugunyar ta gangaro.

Abin da ke yaudarar masu jinya shi ne ba kasafai alamun ke haɗuwa duka ba. Sai a ce ai dajin ne ke cinsa, ko jijiya ce ta ɗaure, a shafa man zafi, a ƙara farasitamol. Zazzaɓin ya ɓuya, mugunya kuwa tana ta ƙaruwa, har ƙwayoyin cutar su shiga jini. Wanda ke karɓar kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, ya fi shiga haɗari, domin garkuwar jikinsa ta yi ƙasa. Shi kam in zafin jiki ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, asibiti a daren, ba sai gobe ba.

Hoton sitiskan, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla, shi ne ya fi nuna mugunyar. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai ba ya isa in ta yi yawa, sai an zura siririyar roba ta fata an tsiyaye ta, wani lokaci a yi tiyata a cire ɓangaren hanjin da ya huje.

Ba daji kaɗai ke kawo ta ba, tarin fukan ƙashin baya da ciwon afendis ma suna yi. Amma akan samu wanda bai ma san yana da daji ba sai ta wannan hanyar. Don haka in an tsiyaye mugunyar, likita ya ce a dawo a leƙa hanji da na'ura, a dawo ko da ƙafar ta miƙe.