Waiwaye: Montreal Canadiens, kofi 24 da ƙishirwar da ta faro tun 1993

A tarihin hokin ƙanƙara babu ƙungiyar da ta ɗaga Kofin Stanley, wato kofin zakarun Arewacin Amurka, kamar Montreal Canadiens ta ƙasar Kanada. Sau 24 ta ɗauke shi, mai bi mata, Toronto Maple Leafs, tana da 13. Wasan dai a kan daskararren fili ake yin sa, mutum shida-shida, kowa da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa da sanda a hannu, ana korar wani ɗan faifan baƙar roba zuwa raga.

An kafa ƙungiyar ranar 4 ga Disamba, 1909, wato ta girme wa NHL kanta, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, wadda aka fara a 1917. Wanda ya kafa ta, Ambrose O'Brien, ɗan kasuwa ne mai jin Ingilishi daga lardin Ontario, kuma lissafinsa na kasuwa ne: a tara 'yan wasa masu jin Faransanci domin jawo 'yan kallo masu jin Faransanci. Abin ya fi ƙarfin lissafinsa. A lardin Quebec na wancan zamani, inda birnin Montreal yake, masu Faransanci ne suka fi yawa, amma bankuna da masana'antu da manyan muƙamai suna hannun masu Ingilishi. Filin hoki ne wurin da talakan Montreal yake ganin nasa ya yi rinjaye. Kofin farko ya zo a 1916.

Duk wanda yake son ya fahimci wannan ƙungiya, sai ya fahimci Maurice Richard, wanda ake wa laƙabi da Roket. Shi ne ya fara cin ƙwallo 50 a wasa 50, a kakar 1944-45. Ranar 13 ga Maris, 1955, a Boston, wani abokin hamayya ya fasa masa kai da sanda. Richard ya rama, har ya naushi mataimakin alƙalin wasa da ya riƙe shi. Shugaban gasar, Clarence Campbell, ya dakatar da shi har ƙarshen kaka, haɗe da wasannin neman kofi. Laifi kam Richard ya yi, amma mutanen Quebec sun karanta hukuncin a matsayin wani sabon wulaƙanci daga masu Ingilishi. Da Campbell ya shigo Forum, filin ƙungiyar a Montreal, ranar 17 ga wata, aka yi masa ruwan ƙwai da tumatir, wani ya fasa barkonon tsohuwa a cikin filin, aka tashi wasa, rikici ya fantsama titin Sainte-Catherine ana fasa shaguna. Washegari sai da Richard ya shiga gidan rediyo ya roƙi jama'a su yi haƙuri. Masana tarihi da dama suna ganin daren nan yana cikin alamun farko na farkawar Quebec a shekarun 1960.

Canadiens sun rasa kofin 1955 a hannun Detroit, sannan suka ɗauke shi sau biyar a jere, daga 1956 zuwa 1960, abin da har yau ba a maimaita ba. A tsakiyar wannan zamani, ranar 1 ga Nuwamba, 1959, faifan wasa ya tsaga fuskar golansu Jacques Plante a New York. Da aka ɗinke shi, ya ce ba zai koma fili ba sai da abin rufe fuska. Koci Toe Blake ba ya so, amma ba shi da wani gola a benci, dole ya yarda. Suka ci 3-1, kuma daga nan sannu a hankali sauran gololi suka bi sahu.

Jean Béliveau ya ɗauki kofi 10 yana ɗan wasa, Henri Richard, ƙanin Maurice, ya ɗauki 11. Ƙarƙashin koci Scotty Bowman sun sake jera huɗu daga 1976 zuwa 1979, kuma a kakar 1976-77 sau takwas kawai aka doke su cikin wasa 80.

Sai dai a faɗi gaskiya, zamani ma ya taimaka musu. Daga 1942 zuwa 1967 ƙungiya shida ce kacal a gasar, kuma manajansu Frank Selke ya shimfiɗa tsarin ɗaukar nauyin ƙananan ƙungiyoyi, ta yadda yaro mai hazaƙa a Quebec tun yana ƙarami ya zama nasu. Yau ƙungiyoyi 32 ne, ana rabon sababbin matasa bi da bi, kuma tun 2005 akwai iyakar albashin da ƙungiya za ta iya biya.

Kofin ƙarshe ya zo a 1993, lokacin da gola Patrick Roy ya tsare musu raga suka doke Los Angeles Kings ta shahararren ɗan wasa Wayne Gretzky. A Disamban 1995 aka bar Roy a raga har Detroit ta zura masa tara. Ya fita ya gaya wa shugaban ƙungiyar cewa ya gama buga musu. Aka sallama shi ga Colorado, ya ɗauki kofi da ita a 1996, shekarar da Canadiens suka bar Forum. Wannan cinikin, a ganina, shi ne kuskure mafi tsada da suka yi a zamanin nan. Masu bin ƙwallon Ingila za su tuna George Gillett na Liverpool: shi ne ya mallaki Canadiens daga 2001 zuwa 2009, kafin ya sayar wa iyalan Molson.

Batun harshe kuwa bai kwanta ba. A 2011 an naɗa kocin riƙo da ba ya jin Faransanci, aka yi ta ce-ce-ku-ce har shugabannin ƙungiyar suka ba da haƙuri. A 2021 sun kai zagayen ƙarshe, Tampa Bay ta doke su cikin wasa biyar, shekara mai bi kuma suka ƙare a ƙasan tebur. Har zuwa kakar 2025, babu wata ƙungiyar Kanada, ba su kaɗai ba, da ta sake ɗaga kofin tun 1993.