Kayan da aka manta a biro ba tsintuwa ba ne

Wai don Allah wa ya koya wa mutanenmu na Damagaram cewa in abokin aiki ya manta caja ko hula ko kuɗi jaka biyu a kan tebur ya tafi gida, wanda ya riga gani ya yi tsintuwa? Tun da daɗewa ake wannan maganar a ma'aikatu, kuma kuskure ce.

Tsintuwa sai abin da ba ka san mai shi ba, kamar ka ga kuɗi a ƙasa cikin kasuwar Dole, kuma ko shi ɗin malamai sun ce sai ka yi cigiya har shekara guda in abu ne mai daraja, to ina ga wayar da ka san sarai ta wane ce, teburinku ɗaya, gobe da safe zai dawo yana nema kana kallonsa ka yi shiru?

Dokar Nijar ma haka take, ɗaukar abin wani ba da izininsa ba da niyyar riƙewa sata ce, in ya kai ƙara kumsariya za a kira ka. Masu cewa "aro na yi" kuwa, ai mai aro yana tambaya tukuna. In adana masa za ka yi, ka buga masa waya ka faɗa, ko ka ba mai gadi ya ajiye.