Charles Dickens: Yaron Da Bashin Mahaifinsa Ya Koya Wa Rubutu

Daga wane gida Dickens ya fito?

An haifi Charles Dickens, marubucin ƙagaggun labarai ɗan Ingila, ranar 7 ga Fabrairu, 1812, a Portsmouth, garin jiragen ruwa a kudancin Ingila. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya takwas. Mahaifinsa, John, akawu ne a ofishin biyan albashin sojan ruwa. Albashin ba laifi, sai dai kuɗi ba sa zama a hannunsa, kullum cikin rance yake.

Me ya same shi yana ɗan shekara 12?

Duk mai son fahimtar littattafansa, nan zai tsaya. A 1824 aka kulle John a kurkukun Marshalsea da ke Landan kan bashin fam 40 da sule 10 na wani mai gidan burodi. A dokar lokacin, wanda ya kasa biya tsare shi ake yi, kuma sau da yawa iyalinsa kan tare tare da shi a ciki. Haka uwar da ƙananan yaran suka yi. Shi kuwa Charles an sa shi aiki a masana'antar man goge takalmi ta Warren, wani tsohon gini mai ɓeraye a bakin kogin Thames. Aikinsa ya rufe bakin kwalba da takarda mai maiƙo, ya ɗora shuɗiyar takarda, ya ɗaure da zare, ya datse gefe, sannan ya manna takardar suna. Awa goma a rana, sule 6 a mako.

Bayan kamar wata uku aka saki mahaifin. Amma da maganar cire yaron daga aikin ta taso, uwarsa ta so ya ci gaba. Wannan ya tsaya masa a rai har ya mutu. Ya ɓoye labarin, sai amininsa John Forster ne ya fito da shi bayan rasuwarsa.

Ina aka ga wannan tabo a littattafansa?

Kusan ko'ina. David Copperfield (1849 zuwa 1850) yana ɗauke da yaro mai manna takarda a jikin kwalabe, kuma Micawber, mutumin kirki da bashi ya yi wa katutu, hoton mahaifinsa ne. An gina Little Dorrit a kan Marshalsea ɗin kanta. Oliver Twist ya tona asirin gidajen aikin talakawa da dokar 1834 ta ƙarfafa. Bleak House kuma ya caccaki kotun da ke jan shari'ar gado har kuɗin lauyoyi su cinye dukiyar. Wannan ɓangaren ya san shi ciki da waje, domin ya yi yaron ofishin lauya kafin ya koyi rubutun gaggawa ya zama ɗan jarida a majalisa.

Me ya sa littattafansa ke da tsawo da tarin mutane?

Saboda yadda ake sayar da su. Tun daga The Pickwick Papers a 1836, yawancinsu kashi-kashi suke fita: shafi 32 da zane biyu kowane wata a kan sule ɗaya, kashi 20 cikin wata 19, na ƙarshe a haɗe a kan sule biyu. Wanda ba zai iya sayen cikakken littafi ba yana iya fidda sule. Dole kowane kashi ya ƙare inda mai karatu zai ƙagu ya ga na gaba. Illar ita ce abin da ya fita ya fita, ba gyara, kuma kasuwa na iya juya labari: da cinikin Martin Chuzzlewit ya ja baya, sai ya tura jarumin Amurka. Great Expectations, wanda ya fita mako-mako daga 1860 zuwa 1861, ya fi su tsari, kuma da shi ya kamata sabon mai karatu ya fara.

Yaya zamansa da iyalinsa?

Ya auri Catherine Hogarth a 1836, suka haifi 'ya'ya goma. A 1857 ya haɗu da Ellen Ternan, 'yar wasan kwaikwayo mai shekara 18, shi yana da 45. A 1858 ya rabu da Catherine, ya kuma kai maganar jarida. Ta bar gidan da babban ɗansu kaɗai, ƙanwarta Georgina ta zauna tana riƙon sauran. Gaskiya a nan bai kyauta ba: mutumin da ya san zafin a raba yaro da gidansu, shi ne ya nesanta 'ya'yansa da uwarsu. Biyu daga cikin samarin ya tura su Ostireliya, ƙaraminsu yana ɗan shekara 16.

Yaya ƙarshensa ya kasance?

Daga 1858 ya shiga yawon karanta littattafansa a gaban jama'a don kuɗi, har Amurka a 1867, abin da ya ci lafiyarsa. Ya tsira daga hatsarin jirgin ƙasa a Staplehurst ranar 9 ga Yuni, 1865. Shekara biyar cif bayan haka, ranar 9 ga Yuni, 1870, bugun jini ya kashe shi a gidansa na Gad's Hill yana da shekara 58. Aka binne shi a cocin Westminster Abbey da ke Landan. Dogon ƙagaggen labarinsa na 15, The Mystery of Edwin Drood, kashi shida kawai ya samu rubutawa cikin 12.