DAC da firi-amf: tambayoyin da kullum ake maimaitawa

Mene ne DAC?

Na'ura ce da ke mayar da lambobin waƙa ko karatu zuwa siginar lantarki da amfilifaya zai ƙara wa ƙarfi. Akwai shi a wayarka da talabijin da dikoda. Na waje ana sayensa ne idan na cikin yana hayaniya.

Wanne ya fi, mai aisin ESS ko mai AKM?

Don Allah a bar wannan gardamar. ESS, AKM, Cirrus Logic, Burr-Brown, wato sunayen aisin (IC, ƙwayar da ke yin aikin a cikin DAC), duk sun wuce abin da kunne ke iya tsinta. Wutar da ke ciyar da aisin da kayan da ke bayansa su ne ke bambanta na'ura da na'ura. Lokacin da masana'antar AKM ta yi gobara a Japan a 2020, kamfanoni da yawa sun koma ESS, masu saurare kuwa ba su daina jin daɗi ba.

Amma na gwada guda biyu a shago, ɗaya ya fi armashi ƙarara.

Ka daidaita ƙarfinsu kafin ka saurara? Ba ka yi ba. Wanda ke fitar da bolt 2.2 ya ɗara mai bolt 2 da kusan disibel 0.8, kunne kuma ba ya jin wannan a matsayin ƙara, sai ya ce maka muryar ta fi tsabta. Sa sautin gwaji na haz 400, ɗora mitar gwajin wuta a kan AC a bakin wayar lasifika, ka murɗa har su biyun su ba da lamba ɗaya, bambancin kada ya wuce kashi 1 cikin 100. Sai wani ya riƙa sauya maka su ba ka gani. Da yawa a nan cinikin yake mutuwa.

Zan iya haɗa DAC kai tsaye da fawa-amf, ba firi-amf?

Firi-amf shi ne mai bolum da zaɓen tushen sauti, fawa-amf kuma shi ke tura lasifika. Za ka iya, amma sai an duba abu uku, kuma ko an duba ba kowane gida zai dace da shi ba.

Na farko ƙarfin sigina. Yawancin DAC suna ba da bolt 2 ta ramin RCA, bolt 4 ta ramin XLR. Fawa mai wat 100 a kan om 8 yana fitar da kusan bolt 28, idan kuma yana ninka sigina sau 20, wato disibel 26, bolt 1.4 ya ishe shi ya kai ƙarshe. Ka ga ke nan DAC ɗin ya riga ya yi masa yawa. Rage sigina kake buƙata, ba ƙari ba. Wanda ya saka firi-amf mai ƙara disibel 15 a tsakani shi ne mai kukan cewa da ya ɗan taɓa bolum falo ya ɗauka, ga gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙara, domin a ƙasan murɗi ne ɓangarorin bolum biyu suka fi saɓawa.

Na biyu turjiya, wadda ake aunawa da om. Ta shigar fawa ta ninka ta fitar DAC aƙalla sau 10. DAC mai om 100 da fawa mai om 10,000 zuwa 47,000 babu matsala. Inda ake tuntuɓe shi ne firi-amf marar wuta, wanda bolum ne zalla a cikin akwati. Mai om 10,000 turjiyar fitarsa na kaiwa om 2,500, don haka yana son fawa mai om 25,000 zuwa sama da waya gajera, mita ɗaya. In wayar ta yi tsawo sosai, siririn sauti zai fara dushewa. Wasu firi-amf masu kwalba (tube) kuma bas suke cinyewa idan an haɗa su da fawa mai om 10,000.

Na uku, wanda ya fi damuna a Kaduna, bolum ɗin DAC ɗin kansa. Wajen inganci kada ka damu: kowane bit disibel 6 ne, in ka rage disibel 40 daga bit 24, a lissafi saura 17, sama da 16 na faifan CD, sai dai lasifika masu saurin amsawa kan iya fito da ɗan shuu. Tsoron shi ne wuta. A ɗauke a Barnawa ko Unguwar Rimi, a dawo da ita, wani DAC ɗin ya tashi da bolum a ƙure, fawa kuma a kunne. Nan take tuwita, ƙaramar lasifikar siririn sauti, ta ƙone. Gwada naka da fawa a kashe: zare filogi, mayar, duba lambar. In yana mantuwa, ko kana da rediyo da garmaho da za su shiga layi, sayi firi-amf. In yana tunawa kuma shi kaɗai ne tushen sautinka, riƙe kuɗinka.

Wanne ake fara kunnawa?

DAC, firi-amf, sannan fawa. Wajen kashewa fawa ne farko.

Na sa DAC a ramin da aka rubuta Phono, sauti ya kwaɓe.

Cire shi yanzu. Ramin allurar garmaho ne, siginar milibolt 5 yake jira, kai ka aika masa bolt 2. Mayar da shi CD ko AUX.

Akwai ƙugi a lasifika ko ba a kunna komai ba.

Kwantar da hankalinka, da wuya a ce wani abu ne ya lalace. Ƙugin haz 50 yawanci daga wayar ƙasa (earth) ne da ta zagayo ta hanya biyu, sau da yawa ta wayar dish. Haɗa kayan duka a soket ɗaya, ka ɗauko sautin talabijin ta wayar haske (optical), ita ba ta ɗauke da lantarki. In kuwa zizar tana zuwa ne sai an koma inbata, inbatar ce ba mai tsabtatacciyar wuta ba, sabon DAC ba zai yi maganinta ba. Kada kuma ka kuskura ka karya ƙafar ƙasa ta filogi.

Na haɗa da wayar hasken, sai shaaa nake ji.

Shiga saitin sautin talabijin ka zaɓi PCM. DAC na sitiriyo ba ya karanta Dolby.

Na samu DAC na hannu ɗan Amurka da araha.

Juya bayansa tukuna, Malam. In 120V kaɗai aka rubuta, nemi taransifoma mai sauke wuta kafin ya ga soket, tamu 230 ce.