Abincin waje: haɗarin yana gefen faranti

Duk wanda ya bi Titin Gidan Zoo ko Lodge Road bayan isha'i ya san yadda cin abinci a waje ya samu gindin zama a Kano. Ga ƙananan gidajen abinci masu teburi huɗu ko biyar da labule da fitilu masu launi, ga teburin mai shayi a bakin titi, mai tsire da mai gurasa suna gefe. Da rana kuwa 'yan kasuwar Kwari da Singa da Farm Centre kusan dukansu wurin masu abinci suke ci, don ba mai rufe shago ya tafi gida. Mu ma'aikatan duba-gari ba mu da ja da wannan. Sana'a ce da take riƙe da gidaje masu yawa, kuma mu ma a can muke ci. Abin da nake so mu duba shi ne ƙofar da cuta take shigowa, domin yawancin mutane ba can suke kallo ba.

Idan mutum ya zauna cin abinci, tukunya yake zargi, ko nama. Alhali abin da aka sauke daga wuta yana tururi shi ne mafi aminci a kan teburin. Zafin da ya kai digiri 70 har cikin tsakiyar abinci yana kashe kusan duk ƙwayoyin cutar da ke sa amai da gudawa. Tuwon da aka kwashe yanzu, farfesun da ke tafasa, wainar da aka juye daga tanda a gabanka, da wuya su kwantar da kai. Ɓarnar tana zuwa ne daga abin da aka ɗora bayan an sauke, wanda bai ga wuta ba kuma ba zai gan ta ba.

Mu fara da salak, tunda yanzu ba a zuba shinkafa da wake ko ɗanwake ko gurasa bandashe sai da latas da kabeji da tumatir da kokwamba. Wani ɓangare na ganyen da ake ci a birnin nan ana noma shi ne a lambunan bakin rafin Jakara da Getsi, ruwan da kowa ya san abin da kwatocin gari suke zuba masa. Kafin ganyen ya iso hannun mai abinci ya sha ƙasa, ya sha hannu, an yayyafa masa ruwa a kasuwa don kada ya yi yaushi. Idan aka tsoma shi sau ɗaya a roba aka tsame, ba a wanke ba, jiƙa shi aka yi. Wanki shi ne a ware ganyen ɗaya bayan ɗaya, a cuɗa a ruwa mai tsabta, a zubar, a sake, sannan a ɗauraye. Gishirin da ake barbaɗawa yana taimakawa wajen fitar da tsutsa da ƙasa, amma ba ya kashe ƙwayar taifot. Sai kuma wuƙa. Wuƙar da ta yanka ɗanyen kaza, aka goge ta da tsumma, ita ce ta yanka albasar da aka watsa maka a kan tsire. Tsiren ya gasu lafiya lau, albasar ce ta ɗauko abin da ke jikin ɗanyen naman ta kawo maka. Haka Bama da ake lafta wa shawarma: an buɗe kwalbar tun safe, tana zaune kusa da wuta, cokali ɗaya yana shiga yana fita har dare.

Abin sha ya fi wannan. Ana tafasa zoɓo, gaskiya ne, amma bayan ya huce ake ƙara ruwa da sukari da ƙanƙara. Kunun aya ko tafasawar ba a yi, kuma idan babu sanyi cikin 'yan sa'o'i yake juyawa. Ƙanƙara kuwa mutane sun ɗauka sanyinta yana kashe cuta. Ba ya kashewa, ajiye ta yake yi, da ta narke a kofi sai ta farka. Ku tambayi kanku da wane ruwa aka haɗa ƙanƙarar, a kan wane buhu aka fasa ta. Robobin da ake ɗura zoɓon ma da yawansu tsintattu ne da yara suke tarowa daga wuraren biki da tasha, ba wanda ya san bakin da ya sha a ciki.

Kanawa ba za su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da mutane suka riƙa cika asibitoci da amai da fitsarin jini bayan shan lemon da aka haɗa da garin ɗan tsami. Ma'aikatar lafiya ta jihar ta sanar da mutuwar mutum 10, ɗaruruwa suka kwanta, wasu ƙodarsu ta taɓu. Binciken NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ya nuna abin da aka sayar da sunan ɗan tsami sinadari ne mai guba da ba na abinci ba. Masu haɗa lemon ba mugunta suka nufa ba, sauƙin farashi suka bi, suka sayi gari a ƙulle cikin leda babu suna babu kwanan wata. Har yau ana sayen kala da filebo da ɗan tsami a haka.

Akwai wata al'ada da nake roƙo a bari: robar wanke hannu ɗaya ga kowa. Mutum na farko ya wanke, na biyu ya wanke a cikin dauɗar na farko, kafin a kai na goma ruwan ya fi hannun ƙazanta. A zuba da buta, ruwan yana sauka a wani mazubi, da sabulu, a cuɗa kamar daƙiƙa 20. Butar ma kada ta zama wadda ake shiga banɗaki da ita. Bayan shagon ma haka abin yake, baho ɗaya na kumfa tun safe, faranti ɗari sun bi ta ciki. Ruwa yana da tsada, na sani, jarkar mai ga-ruwa ba kyauta ba ce. Amma kwalara da taifot da ciwon hanta nau'in A da E duk hanya ɗaya suke bi, daga bayan gidan mai cutar zuwa bakin mai lafiya, ta ruwa ko hannu ko ƙuda. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 110,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma Kano da Bauchi da Jigawa suna cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Sai batun abincin da ake ajiyewa a kula da kuma kwantai. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, wato daidai ɗumin abincin da ya daɗe a kula. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba kuma ba a firji ba. Shinkafa ta fi kowa wannan matsala. Akwai wata ƙwayar cuta da take tsira daga dahuwa, idan shinkafar ta huce ta zauna sai ta saki guba, kuma gubar ba ta jin ɗumame. Shi ya sa mutum zai ci soyayyiyar shinkafa da zafinta, cikin awa ɗaya zuwa shida amai ya turnuƙe shi: shinkafar jiya ce aka soya. Firjin da ake dogaro da shi kuma, in an ɗauke wuta tun dare, ya zama akwati kawai.

Idan muka yi wannan magana, amsar da muke ji ita ce, "Haba Malam, shekara nawa ina ci a wurin Hajiya, ko ciwon kai ban taɓa yi ba." Sabo turken wawa, in ji Bahaushe. Taifot yakan ɗauki sati ɗaya zuwa uku kafin ya bayyana, ciwon hanta nau'in A yakan kai wata. Wa zai tuna salak ɗin da ya ci sati uku baya? Sai a ce maleriya ce, ko shawara, a wuce. Kuma akwai wanda ya warke daga taifot amma ƙwayar ta zauna a matsarmamarsa, yana fitar da ita shekara da shekaru yana ji garau. Dalilin da ya sa ake neman masu dafawa da masu zubawa su riƙa yin gwajin lafiya ke nan, ba don a ci musu fuska ba.

A ganina, kyan wuri ba ya cikin lissafi. Mai ƙosan da take tsamowa daga mai a gabanka ta fi wani gidan abinci mai gilashi da na'urar sanyi wanda ba ka ganin kicin ɗinsa. In kana son sanin halin wuri, nemi banɗaki. Idan babu ruwa da sabulu a can, mai dafa maka abinci ma bai samu ba. Duba ko hannun da ya karɓi kuɗi shi ne yake ɗebo nama. Duba ko an rufe yaji da miya. Kashin ɓera a kusa da buhun gari ko shinkafa kuwa, tashi kawai, domin ta fitsari da kashin ɓera zazzaɓin Lassa yake shiga abinci.

Ƙananan ɗakunan shaƙatawa masu rufaffiyar taga suna da nasu haɗarin. Gawayin shisha da hayaƙin janareto da aka ajiye a bakin ƙofa suna fitar da iska mai guba marar wari. Ciwon kai da jiri a irin wannan wuri alama ce ta a fita waje nan take. Masu zuwa mashaya a Sabon Gari kuma su guji duk barasar da aka ɗura a kwalbar da ba hatimi. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas saboda ogogoron da ke ɗauke da sinadarin metanol, wanda ko bai kashe ba yana iya makantarwa.

Ku masu sana'ar, gyaran bai kai tsadar da kuke zato ba. Wuƙa biyu da katako biyu, ɗaya na ɗanyen nama, ɗaya na ganye. A dafa kaɗan-kaɗan maimakon tukunya guda ta yini. Yaron shago da yake gudawa a ba shi hutu har ya yi kwana biyu da warkewa, kuma kada a yanke masa kuɗin ranar, in ba haka ba gobe ɓoyewa zai yi. Mai ƙurji ko yanka a yatsa kada ya taɓa abinci da hannu.

Idan kuma abin ya riga ya faru, rashin ruwa a jiki ne yake kisa, don haka da shi za a fara. A samo ƙullin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, a kemis a narka a lita ɗaya na tsabtataccen ruwa. In babu, lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa ko ana amai. Yara a haɗa musu da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, mai shan nono a ci gaba da ba shi. A daina ruga wa Flagyl da kafso ba tare da an ga likita ba, yawancin gudawa ba ta buƙatarsu. Amma gudawa fara tsululu mai yawa, ko jini a bayan gida, ko zazzaɓin da ya wuce kwana uku, ko ido ya faɗa fitsari ya ɗauke, wannan na asibiti ne a ranar, ba gobe ba. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i. Mai juna biyu da idonta ya yi rawaya a kai ta da gaggawa, domin ciwon hanta nau'in E ya fi tsanani a kan masu ciki. Kuma in mutum biyu ko uku da suka ci a wuri ɗaya suka kwanta, a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ko a kira layin NCDC na kyauta, 6232, a faɗi abin da aka ci da ranar da aka ci shi.